Takarda, WhatsApp, tes ko kiran waya: ta ina labarin aji uku zai riƙa isa gida duk mako?

Ranar karɓar sakamakon ƙarshen zango, wata uwa ta tsaya a bakin ƙofar ajina riƙe da katin ɗanta, ta daɗe tana kallonsa. Ba ta yi boko ba, amma ta san ma'anar jan biro. Can ta ɗago ta ce, "Malama, kullum ya dawo sai na tambaye shi, ya ce mini sun yi karatu. Da na san yana baya haka, ai da na sa yayarsa ta riƙa zama da shi." Zango guda cur yaron nan yana fama da lissafin ɗebewa mai aro, ina gani, ina iya ƙoƙarina a aji, amma ko kalma ɗaya ban taɓa aikawa gidansu ba. Yayar da ake magana kuwa tana aji shida a makarantarmu, kowace safiya ta gaban ajina take wucewa.

Tun daga ranar na shiga gwada hanyoyin sanar da iyaye abin da muka yi a mako. Wasu sun ɗore, wasu sun mutu kafin tsakiyar zango. Malamai da masu makarantu sukan tambaye ni wacce ta fi, don haka na ga ya dace in jera su in auna.

Aji uku ba kamar sauran azuzuwa ba ne. Manufar ilimi ta ƙasa, a bugunta na 2004, ta ce a koyar da yaro da harshen muhallinsa a shekaru ukun farko na firamare, daga aji huɗu Turanci ya fara karɓar ragama. Ko a makarantun da ba su taɓa bin wannan tsari ba, littattafan aji huɗu suna ɗauka cewa yaro ya riga ya iya karatu, yanzu karatun ne zai yi amfani da shi ya koyi wasu abubuwa. Shi ya sa shirye-shiryen koya wa yara karatu irin su Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, da RANA a Katsina da Zamfara, suka tattara ƙarfinsu a kan aji ɗaya zuwa uku. Yaron da ya tsallake aji uku yana lalube a haɗa baƙi da wasali, ko bai zauna da ninkawa ba, wahalarsa a gaba take. Katin sakamako sau uku ake bayarwa a shekara. Kafin ya iso gida, ruwa ya riga ya ƙare wa ɗan kada.

Kafin a zaɓi hanya akwai tambayar da ta fi ta kuɗi da ta fasaha nauyi: wa yake zama da yaron nan da yamma? A gidaje da yawa maigida ya fita kasuwa ko gona ko wurin aiki tun safe, ba ya dawowa sai bayan isha'i, kuma babbar wayar gidan tana aljihunsa. Mai ganin yaro da jakarsa ita ce uwa, ko kaka, ko yaya, ko wani ƙanen uba da ke sakandare. Duk saƙon da bai kai ga wannan mutum ba, sunansa dai an aika. Da wannan ma'auni nake auna kowace hanya.

Takarda a jakar yaro

Takarda iri uku ce, kuma bai kamata a haɗa su a kwando ɗaya ba.

Akwai wadda ake bugawa a kwamfuta a yi fotokwafi a raba. Tana da kyan gani, iyaye suna ɗaukarta da muhimmanci saboda tambarin makaranta. Matsalarta kuɗi da wutar lantarki da kuma halin yara. Fallen takarda a jakar ɗan shekara takwas ba shi da tabbas: ya jiƙe da ruwan gora, ya zama jirgin wasa, ko a naɗe awara a ciki a hanyar gida. Makarantar da take da injin buga takardu da janareta za ta iya jurewa. Malamin da zai biya daga aljihunsa kuwa, mako na huɗu zai bari, kuma ba zan ga laifinsa ba.

Akwai littafin saƙo, wanda makarantun kuɗi suka fi amfani da shi. Kowane yaro yana da nasa, malama ta rubuta abin da ya shafe shi, iyaye su sa hannu su mayar da amsa. A wajen inganci babu kamarsa, domin magana ce a kan yaro guda, a asirce, kuma tana taruwa mako bayan mako har ta zama tarihin yaron. Amma a yi lissafi. Aji mai yara 45, a ba kowa minti 3 kacal, an tashi da minti 135, sama da awa biyu kenan duk mako, ban da duba aikin gida da rubuta shirin darasi. Manufar ilimin da na ambata ta tanadi malami ɗaya ga yara 35, alhali duk wanda ya leƙa makarantun gwamnati a Kano ko Zariya ya san ana samun ninkin haka a aji ɗaya, har da ɗoriya. Abin da yake faruwa shi ne malama ta gaji ta koma rubuta "yana ƙoƙari" a kowane littafi. Da zarar iyaye sun ga kalma ɗaya ce take maimaituwa, sai su daina buɗewa.

Ta uku ita ce wadda na fi so, kuma ba ta cin ko sisi. Malama ta rubuta saƙon mako a allo, layi huɗu ko biyar, yara su kwafa da hannunsu a bayan littafin aikin gida, shafi ɗaya ga kowane mako. Ɗan aji uku ya kai wannan matsayi, ba kamar ɗan aji ɗaya ba. Kwafar kanta darasin rubutu ce. Littafin kuma ba ya ɓata kamar fallen takarda, domin yaro ya san idan ya yar da shi akwai tambaya. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda saƙon yake sa yaro ya zama mai karantawa a gida. Nakan ce musu, "Ba ku za ku miƙa wa Umma ba, ku za ku karanta mata." Uwar da ba ta yi boko ba tana jin ɗanta yana karanta Hausa, tana jin inda ya yi gargada da inda ya wuce sumul. Ta samu labarin mako, ta kuma auna karatun ɗanta da kunnenta, ba sai an faɗa mata ba.

A ƙasan shafin nakan sa su ja layi don amsar gida. Ba dole sai sa hannu irin na banki ba. Wata takan yi ɗan zane, wata ta dangwala yatsa da tawadar biro, wasu kuma su rubuta da ajami. Akwai wani dattijo, kakan wata yarinya, da yake rubuto mini layi biyu da ajami duk mako, rubutu mai kyau irin na wanda ya daɗe da alƙalami. Da na ce sai boko, da na rasa mutumin da ya fi kowa kula da karatun yarinyar a gidan.

Rauninta a fili yake, kuma ba ƙarami ba ne. Kwafar takan ci minti 15 zuwa 20, masu jinkirin hannu ma fiye da haka. Yaran da suka fi buƙatar saƙon ya isa gida, wato waɗanda ba su iya karatu ba, su ne suke kwafa da kurakurai, su ne kuma ba za su iya karanta wa kowa ba. Dole malama ta zagaya ta duba littattafan waɗannan, ko ta rubuta musu da kanta, ko ta haɗa su da wani yaya ko maƙwabci a babban aji. Sannan saƙon na kowa da kowa ne, ba ya ɗaukar maganar sirri. Ba a sa yaro ya rubuta da hannunsa cewa shi ne baya a aji.

Guruf ɗin WhatsApp

Yau idan aka ce a sanar da iyaye, abin da yake fara zuwa bakin kowa shi ne a buɗe guruf. Dalilin a bayyane yake. Saƙo ɗaya ya isa ga kowa nan take, guruf yana ɗaukar mutum har 1,024, a tura hoton allo, a tura ɗan bidiyo. Babbar kyautarsa gare mu ita ce saƙon murya. Mutanenmu mutanen rediyo ne, kunne ya fi ido aiki. Malama ta yi magana ta minti ɗaya da rabi da Hausa, uwa tana tuƙa tuwo tana saurare, ta sake kunnawa idan ba ta gane ba. Akwai kuma abin da takarda ba za ta taɓa iyawa ba: na taɓa ɗaukar hannuna kawai a bidiyo ina nuna yadda ake cire 28 daga 53, yadda ake aro ɗaya daga gidan gomomi a mayar da 3 ta zama 13. Iyaye da dama sun ce mini sai a ranar suka tuna yadda ake yi, domin rabonsu da irin wannan lissafi a takarda tun suna yara.

To amma ba a nan gizo yake saƙar ba. A fara ƙirga gidaje nawa ne suke da babbar waya, sannan a cikinsu nawa ne wayar take hannun mai zama da yaro, sannan nawa ne suke da data a ranar da aka tura saƙon, wayar kuma ba ta shagon mai caji. Duk matakin da aka sauka sai adadin ya ragu. Uba yakan ga saƙo a kasuwa, alamar shuɗi ta nuna an karanta, ya ce idan ya koma gida zai faɗa, ya dawo a gajiye yara sun yi barci. Malama tana ganin ta sauke nauyi, alhali maganar ta tsaya a aljihu. Abin da ya fi damuna shi ne gidajen da guruf yake kaiwa su ne galibi masu ɗan hali da ilimin boko, waɗanda dama suna bibiyar 'ya'yansu. Idan guruf ne kaɗai hanyar aji, to an ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi, an bar na baya a inda yake.

Sai hayaniya. Duk wanda ya taɓa zama a guruf ɗin iyaye ya san yadda abin yake. An buɗe shi don karatu, mako biyu ya cika da barka da Juma'a, da tallan atamfa da turaren wuta, da sanarwar biki da ta rasuwa, da dogayen saƙonnin da ake cewa a tura wa mutum goma. Babu wanda ya yi da mugun nufi, zumunci ne, amma saƙon malama ya nutse a tsakiya. Wata rana kuma wani uba ya fusata a kan an bugi ɗansa a filin wasa, ya kira sunan ɗan wani a gaban mutum arba'in, gidaje biyu su ɓata. Maganin wannan yana cikin manhajar kanta: a saita guruf ɗin yadda masu kula da shi kaɗai ne za su iya tura saƙo, mai tambaya ya bi malama ta gefe. Akwai kuma tsarin da ake tura saƙo ɗaya ga mutane har 256 kowa ya same shi shi kaɗai, ba tare da ganin lambar sauran ba. Wannan ya fi dacewa da gidajen da ba sa son lambar matan aure ta bazu a hannun mazan da ba su sani ba. Sharaɗinsa ɗaya ne: sai wanda ya ajiye lambar malama a wayarsa saƙon zai isar wa, don haka dole a tabbatar da wannan tun farkon zango.

Abu biyu ba na sassauci a kansu. Ba a tura makin yara da sunayensu a guruf. Wanda ya zo na ɗaya zai ji daɗi na kwana ɗaya, wanda ya zo na ƙarshe uwarsa za ta ɗauki kunyar har gidan suna. Hoton yara ma haka. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta ce, in ban da wasu keɓantattun yanayi, sai da yardar iyaye ko mai riƙo ake sarrafa bayanan yaro, kuma ko babu doka, hoton da ya shiga waya 40 ya fita daga hannunka. A ɗauki allo, a ɗauki aikin da babu suna a kai, ya wadatar.

Ita ma malama tana da haƙƙi. Ranar da lambarta ta shiga hannun iyaye, saƙo zai riƙa shigowa ƙarfe 11 na dare ana tambayar shafin aikin gida. Makarantar da take son guruf ta sayi layi na aji, ta riƙa sa data, ta kuma faɗa wa iyaye lokacin da ake amsa saƙo. Ba adalci ba ne a ɗora wannan a kan albashin malamin firamare.

Tes

Tes yana shiga kowace waya, ƙarama da babba, ba ya neman data, kuma sau da yawa ƙaramar wayar ce take gida a hannun uwa. Wannan ne ƙarfinsa. Kuɗinsa kuma ana iya lissafawa: bayan ƙarin kashi 50 cikin 100 da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da shi a farkon 2025, tes ɗaya ya tashi daga naira 4 zuwa naira 6. Gida 45 kenan naira 270 a mako, naira 3,240 a makonni 12.

Sai dai akwai tarkon da ya shafe mu mu masu rubuta Hausa. Shafin tes yana ɗaukar harafi 160 ne idan haruffan Turanci zalla aka yi amfani da su. Da zarar an sa ƙ ko ɗ ko ɓ guda ɗaya, wayar takan sauya tsarin rubutun, shafin ya koma harafi 70. Saƙo mai harafi 150 da zai tafi a shafi ɗaya sai ya zama shafi uku, naira 270 ta koma 810. Don haka a tes ana haƙura da lanƙwasa, mai karatu zai gane daga ma'ana. Masu tura tes ta kamfanonin tura saƙo da yawa kuma su sani cewa layin da mai shi ya toshe tallace-tallace ta lambar 2442 ba lallai saƙon ya shige shi ba.

Babban rauninsa shi ne sai an karanta, kuma akwatin saƙon mutane cike yake da tallan kamfanonin waya har sun saba sharewa ba tare da dubawa ba. A ganina tes na sanarwa ne: gobe babu makaranta, ranar Litinin akwai gwaji, a zo da littafin Hausa. Ba ya ɗaukar koyarwa.

Kiran waya

Akwai wani gwaji da ya sa na sake kallon kiran waya da daraja. A 2020, lokacin da korona ta rufe makarantu, wata ƙungiya a Botswana da ake kira Young 1ove a lokacin tare da masu bincike, cikinsu har da Noam Angrist, sun gwada hanyoyi biyu a kan gidaje kusan 4,500 masu yara 'yan aji uku zuwa biyar. Wasu gidajen tes kawai ake tura musu duk mako ɗauke da 'yan tambayoyin lissafi. Wasu kuma bayan tes ɗin sai a kira su a waya na kamar minti 15 zuwa 20, a yi lissafin tare da yaro da mai kula da shi. A ƙarshe tes shi kaɗai bai nuna wani tasiri mai ɗorewa ba, amma tes haɗe da kira ya rage yawan yaran da ba su iya lissafin farko ba da kusan kashi 31 cikin 100. Ƙananan wayoyi aka yi amfani da su, irin waɗanda suke gidajenmu.

Ba malamin da zai kira gida 45 duk mako. Amma gida 5 a mako abu ne mai yiwuwa, kuma a makonni 9 an zagaye ajin. Nakan fara da yaran da suka fi ba ni damuwa, in sake komawa kansu kafin zango ya ƙare. Minti 4 ko 5 sun isa. A nan ne ake faɗin abin da ba ya faɗuwa a allo ko a guruf, a nan ne kuma ake jin abin da ba a sani ba. Ta waya na gano cewa wani yaro da nake ɗauka rashin mayar da hankali ne yake damunsa, ashe a gida ma sai ya matso da abu kusa da fuskarsa yake gani. Na dawo da shi layin gaba, mahaifinsa ya kai shi a duba idonsa.

Kira yana da ladubbansa. Malami namiji ba ya ɗaukar waya haka kawai ya kira matar aure. Tun makon farko a tambayi maigida wa za a riƙa kira, a wace lamba, da wane lokaci. Wasu za su ce a kira su da dare su sa a amsa-kuwwa uwar yaran tana ji, wasu su ba da lambar uwar kai tsaye, musamman idan malama ce. A kauce wa lokacin salla da na girki. Kuma kada kiran farko ya zama na ƙara. Idan iyaye suka saba cewa lambar makaranta ba ta kira sai an yi laifi, za su daina ɗauka, ko kuma yaro ya sha duka kafin a gama bayani. Nakan fara da gaisuwa da abin yabo na gaskiya: "Maman yara, ina wuni, ya gida? Na kira ne in faɗa miki ɗanki ya iya karanta sakin layi guda yau ba tare da na taimaka masa ba." Daga nan sai in kawo inda ake neman taimakon gida.

Ganawa ido da ido ta fi duk waɗannan, amma ba abin mako-mako ba ce. Taron iyaye da malamai sau ɗaya ake yi a zango idan an yi sa'a, galibi maza ne suke zuwa, maganar kuma takan ƙare a kan kuɗi da gyaran rufi. Amfaninsa a wannan batu shi ne a yi shi a farkon zango a bayyana tsarin da za a bi. A ƙauye, kwamitin al'umma mai kula da makaranta (SBMC) da ƙungiyar iyaye mata, inda take da rai, suna iya kai magana lungun da waya ba ta kaiwa. Manhajojin da wasu manyan makarantun kuɗi suke saya kuwa, masu buƙatar kowane uba ya riƙe kalmar sirri, ban ga abin da suke yi wa aji uku wanda saƙon murya bai yi ba.

Me za a faɗa, kuma yaushe

Kowace hanya aka ɗauka, saƙon da ya ce "mun yi lissafi, mun yi Turanci, mun yi Hausa" bai faɗi komai ba. Jerin darussa ba ya gaya wa uwa abin da za ta yi. Wasu masu bincike biyu a Amurka, Matthew Kraft da Todd Rogers, sun wallafa wani gwaji a 2015 inda malamai suka riƙa aika wa iyaye jimla ɗaya tak duk mako a kan ɗansu. Yawan ɗaliban da suka kasa cin kwas ɗin ya sauka daga kusan kashi 16 zuwa kusan kashi 9 cikin 100, kuma saƙonnin da suka ambaci abin da ɗalibi zai gyara sun fi na yabo zalla tasiri. 'Yan sakandare ne, ƙasar ma daban, amma abin da na gani a ajina bai saɓa da wannan ba.

Ga irin abin da nake rubutawa a allo: "Wannan mako mun koyi sau 4, daga 4 sau 1 zuwa 4 sau 10. A Hausa mun karanta labari mun amsa tambayoyi. Don Allah a sa ni in jera wake ko duwatsu huɗu-huɗu, layi shida, in faɗi jimla. Mako mai zuwa za mu fara karanta agogo." Abin da aka koya, abu ɗaya da za a yi a gida da kayan da suke gida, da abin da yake tafe. Kaka ma za ta iya sa yaro ya jera wake, ta ƙirga da shi, domin lissafin kasuwa ba baƙonta ba ne.

Ranar aikawa ma abin dubawa ce. Da farko Juma'a nake yi, kamar yadda aka saba. Sai na lura Juma'a gajeruwar rana ce, ana ta sauri a tashi kafin masallaci, Asabar da Lahadi kuma yawancin yarana suna Islamiyya ko tahfiz tun safe. Yammacin da suke da sarari shi ne na Alhamis da Juma'a, lokacin hutun makarantar allo da Islamiyya. Da na mayar da saƙon ranar Alhamis, littattafan da suke dawowa da alamar gida suka ƙaru a fili. Kowane malami ya duba yadda garinsu yake.

Idan makarantar gwamnati ce a ƙauye ko unguwar talakawa, aji cike maƙil, shawarata ita ce saƙon allo a bayan littafi, a ƙara da kiran gida 5 a mako idan hedimasta ko kwamitin makaranta zai sa kati. Kada a fara da guruf a nan, zai raba ajin gida biyu. Idan makarantar al'umma ce ko ƙaramar makarantar kuɗi a cikin gari, inda wasu suke da babbar waya wasu babu, saƙon allo ya zauna a matsayin tushe, a karanta shi da murya a tura ta WhatsApp ga masu ita, tes kuma a ajiye shi don sanarwar gaggawa. Abin da aka faɗa a waya ya zama daidai da wanda yake littafi, don kada wani gida ya samu abin da wani bai samu ba. Littafin saƙo na kowane yaro sai ajin da bai wuce yara 25 ba, kuma makaranta ta ware wa malama lokacin rubuta shi a cikin jadawali, ba ta tafi da shi gida ba.

Mai shakkar inda ajinsa ya faɗa, ya yi abin da nake yi a makon farko na kowace shekara. Nakan aika ƙaramar takarda da tambayoyi huɗu: wa yake zama da yaro da yamma, wace irin waya ce a hannunsa, boko yake karantawa ko ajami ko saurare ya fi masa, kuma wane lokaci ne kira ba zai takura ba. Gidajen da takardar ba ta dawo daga gare su ba, su nake fara nema ta hannun yayye da maƙwabta, kuma sunayensu ne suke hawa saman jerin waɗanda zan kira a mako na biyu.